Lambar da ke damtsen Baba da allurar da nake yi wa kaji

A duk shekara idan damina ta kankama a Legas, kwatoci suka cika, sauro ya yi yawa a unguwannin Agege, nakan shirya wa zuwan masu kiwon kaji shagona na magungunan dabbobi, domin ƙorafinsu ba ya canzawa. Ƙuraje sun feso wa kaji a zanko da gefen ido da gefen baki, wasu sun yi baƙin ɓawo, ƙwai ya ragu, waɗanda abin ya shiga maƙogwaronsu kuma suna ta haki. Wannan ita ce aganar kaji, kuma sauro ne kan gaba wajen ɗaukar ta daga wannan kaza zuwa waccan. Idan ta riga ta shiga garke sai dai a yi jinya a jira ta wuce, shi ya sa muke matsa wa mutane su yi rigakafi tun kajin suna ƙanana.

Yadda ake rigakafin ba shi da wuya. Maganin yana zuwa a busashe cikin 'yar ƙaramar kwalba, a haɗa shi da ruwansa, a tsoma wata allura mai baki biyu a ciki, a buɗe fiffiken kaza a huda siririyar fatar nan da ba ta da gashi sosai, ana kauce wa jijiya da ƙashi. Bayan kwana bakwai zuwa goma sai a koma a duba wurin. Idan an ga ɗan kumburi da ɓawo, allura ta kama. Idan wurin ya warke sumul kamar ba a taɓa shi ba, to akwai matsala, wataƙila maganin ya sha zafi a hanya ko ya daɗe bayan an haɗa shi.

Ina cikin wannan aiki wata Asabar a bayan wani gida kusa da mayankar Oko-Oba, sai mahaifin mai kajin, wani dattijo dillalin shanu, ya jawo kujera ya zauna yana kallona. Can sai ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mini wani tabo zagayayye a damtsensa na hagu, ya ce, "Ɗana, ai irin wannan aka yi mana muna yara, ga lambar nan har yau." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Amma wannan allura ta ƙyandar biri da ake faɗa a rediyo, an ce a ɗakin gwaji aka sauya wa ƙwayar cutar halitta. Kai da ka karanci abin, gaya mini tsakaninka da Allah, mutum ya yarda a saka masa irin wannan a jiki?" Na ce, "Baba, Allah ya ƙara muku lafiya, wanda ya gaya muku bai yi ƙarya ba, an sauya ta. Amma wadda nake huda wa kajin nan ita ma an sauya ta, kuma da ita da lambar da ke hannunku da ta ƙyandar birin duk 'yan dangi ɗaya ne." Kaji na jira, magani kuma ba ya son jinkiri bayan an haɗa shi, saboda haka ban iya ba shi cikakkiyar amsa ba a ranar. Ita ce nake so in rubuta a nan, domin na tabbata ba shi kaɗai ke da wannan tambaya ba.

Ƙwayoyin cutar da ke haddasa agana dangi ne babba, kuma kusan kowace dabba tana da tata: akwai ta shanu, ta dawaki, ta raƙuma, ta tumaki da awaki, ta kaji, ta tattabaru, har da ta kanari. Ta ɗan Adam, wadda kakanninmu ke kira agana ko 'yan rani, takan kashe kusan mutum uku a cikin goma da ta kama, waɗanda suka tsira kuma ta bar su da zanzana a fuska, wasu ta makantar da su. Sirrin da ya ceci duniya daga gare ta shi ne, waɗanda suke reshe ɗaya a cikin wannan dangi sun yi kama da juna ƙwarai, har garkuwar jiki idan ta san ɗaya takan gane sauran, alhali kuwa ƙwayar da ta saba da jikin wata dabba sau da yawa ba ta iya sakewa a jikin mutum. Tana shigowa a matsayin baƙuwa, ta yi ɗan ƙurji a inda ta shiga, jiki ya murƙushe ta, kuma ya riƙe kamanninta.

A kan wannan Edward Jenner, wani likitan karkara a Ingila, ya gina aikinsa. Ranar 14 ga Mayu 1796 ya ɗebi ruwan ƙurjin aganar shanu daga hannun wata mai tatsar nono ya saka wa wani yaro ɗan shekara 8, daga baya ya gwada shi da agana ta gaske, yaron bai kamu ba. Kafin Jenner ma mutanen Afirka ta Yamma sun san a ɗebi ruwan ƙurjin mai agana a tsaga fatar mai lafiya a shafa, kuma wani bawa ɗan Afirka mai suna Onesimus ne ya koya wa mutanen birnin Boston wannan dabara, suka yi amfani da ita a annobar 1721. Sai dai waccan hanya da ainihin cutar ake yin ta, tana iya kashewa, tana kuma iya yaɗuwa. Gudummawar Jenner ita ce musanya ƙwayar mutum da ta dabba.

Daga nan ne labarin ya ɗauki wani salo da nake ganin kowa ya kamata ya sani. Shekara da shekaru ana ta ɗaukar wannan ƙwaya daga hannun mutum zuwa hannun mutum, daga baya kuma aka koma renon ta a fatar maruƙa da tumaki, kowa yana zaton aganar shanu ce. A 1939 wani masani mai suna Allan Downie ya nuna cewa ƙwayar da ake lamba da ita, wadda ake kira bakshiniya, ta bambanta da aganar shanu. A 2017 kuma aka binciki wata tsohuwar kwalbar rigakafi da wani kamfanin Amurka ya yi a 1902, aka karanta kundin gadon ƙwayar da ke ciki, wato umarnin halittar da take gadar wa zuri'arta, sai aka ga ta fi kusa da aganar dawaki nesa ba kusa ba. Ma'ana, lambar da ke damtsen Baba daga ƙwayar dabba aka samo ta, wadda ta riga ta sauya a hannun mutane tsawon fiye da ƙarni guda, tun kafin a san abin da ake kira kundin gado.

Da wannan ƙwaya aka kawar da agana daga doron ƙasa, kuma Legas tana da hannu a ciki. A Yaba akwai ɗakin haɗa rigakafi na gwamnatin tarayya da ya yi shekaru yana samar da maganin lamba tare da na zazzaɓin shawara da na cizon mahaukacin kare, kuma a Legas aka kafa ofishin da ya kula da gangamin ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. A yankin Ogoja ne, a ƙarshen 1966, likita William Foege ya ga magani ba zai isa kowa ba, sai ya koma neman inda cutar ta ɓulla yana yi wa waɗanda ke kewaye da mara lafiya lamba, dabarar da daga baya duniya ta ɗauka. An ga mai agana na ƙarshe a Najeriya a 1970, na ƙarshe da ya kamu ta hanyar yaɗuwa tsakanin jama'a a duniya kuma a garin Marka na Somaliya a Oktoba 1977, sannan Hukumar Lafiya ta Duniya ta shelanta ƙarshen cutar ranar 8 ga Mayu 1980. Allura mai baki biyu da aka yi amfani da ita a ƙarshen wancan yaƙi 'yar'uwar wadda ke cikin jakata ce.

To amma tsohuwar lamba tana da nata aibin, kuma rashin faɗinsa rashin gaskiya ne. Ƙwayar tana da rai, tana hayayyafa a fata, shi ya sa take barin tabo. Ga mai lafiya wannan ba komai ba ne, amma ga mai raunin garkuwar jiki ko mai wasu cututtukan fata tana iya bazuwa ta zama masifa, wasu 'yan kaɗan kuma takan taɓa musu ƙwaƙwalwa, har an ƙiyasta cewa kimanin mutum ɗaya a cikin miliyan da aka yi wa karon farko yakan rasu. Lokacin da agana ke kashe dubbai, wannan haɗari abin ɗauka ne. Da cutar ta fara ja da baya, sai masana suka fara tambayar ko za a iya ƙara raunana ƙwayar ba tare da ta rasa amfaninta ba.

A nan ne aikin ɗakin gwaji ya shigo, kuma shi ne zuciyar tambayar Baba. A birnin Munik na Jamus, wani likitan dabbobi mai suna Anton Mayr ya ɗauki wani nau'in bakshiniya da aka samo daga cibiyar rigakafi ta Ankara a Turkiyya, ya shiga renon ta a cikin ƙwayoyin jikin ɗan tsakon da bai ƙyanƙyashe ba. Idan ta hayayyafa sai ya ɗebi kaɗan ya zuba a sabon kwano, ya sake, ya sake, har fiye da sau 570, aikin da ya ci shekaru. Abin da ke faruwa a irin wannan reno yana da sauƙin fahimta ga duk wanda ya taɓa kiwo. Duk lokacin da ƙwaya ta kwafi kanta, akan sami 'yan kurakurai, wani sashe ya ɓace ko ya lalace. Wani kaso mai yawa na kundin gadon waɗannan ƙwayoyi makamai ne na yaƙi da garkuwar jikin dabbobi masu shayarwa, kuma a cikin kwanon da babu komai sai ƙwayoyin jikin kaza, waɗannan makamai kaya ne marasa amfani. Wadda ta yar da su ba ta yi asarar komai ba a wurin, sai ma ta ci gaba da yaɗuwa, har zuri'arta ta mamaye kwanon. Kamar ɗan Bahaushen da aka haifa a Legas ne, jikokinsa suka tashi ba su taɓa riƙe fartanya ba: a birni ba su rasa komai ba, amma idan aka mayar da su gona ba za su iya noma ba. Da aka gama, ƙwayar ta zubar da kimanin kashi 15 cikin 100 na kundin gadonta. Idan aka saka ta a jikin mutum tana shiga ƙwayoyin jiki, ta ƙera sassanta har garkuwa ta gan su ta shaida su, amma ba ta iya harhaɗa su su zama sabuwar ƙwaya da za ta kama na gaba. An sa mata suna MVA, kuma a shekarun 1970 an yi wa mutane fiye da 120,000 a jihar Bavariya.

Wannan ƙwaya ita ce asalin allurar ƙyandar biri da Baba ya ji a rediyo. Kamfanin Bavarian Nordic na ƙasar Denmak ne ke yin ta, ana kiran ta Jynneos a Amurka, inda aka amince da ita a 2019, Imvanex kuma a Turai. Sau biyu ake yin ta, tsakani kwana 28, ba a huda fata sau da yawa kamar da, kuma tun da ba ta hayayyafa ana iya yi wa masu raunin garkuwa, ciki har da masu ɗauke da cutar ƙanjamau, waɗanda ƙyandar biri ta fi yi wa illa. Japan ma ta bi irin wannan hanya da ƙwayoyin ƙodar zomo a yanayi mai ɗan sanyi, ta sami nau'in da ake kira LC16m8, wanda aka ba lasisi a 1975. Ita wannan tana hayayyafa kaɗan, kuma sau ɗaya ake yin ta.

Dalilin da ya sa maganin agana ke kare mutum daga ƙyandar biri shi ne dangantakar nan da na ambata. Sunan ma yana ruɗarwa, domin ba ta da alaƙa da ƙyanda, kuma an danganta ta da biri ne kawai saboda a jikin birai aka fara ganin ta a wani ɗakin gwaji a Kopenhagen a 1958, alhali an fi zargin ƙananan namun daji dangin ɓera da kurege da ajiye ta. An fara ganin ta a jikin mutum a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango a 1970. A Najeriya ta yi shiru kusan shekara 40, sannan ta dawo a jihar Bayelsa a Satumba 2017, ta kuma iso Legas. Binciken da aka yi a Kwango a shekarun 1980 ya nuna tsohuwar lamba tana ba da kariya ta kusan kashi 85 cikin 100, kuma tun da aka daina lamba bayan kawar da agana, duk wanda aka haifa daga baya ya tashi babu wannan garkuwa. Ni kaina ba ni da tabo a damtse, Baba yana da shi.

Akwai mataki na biyu na wannan ilimi, wanda ya fi ba ni sha'awa a matsayina na mai hulɗa da dabbobi. A 1982 ƙungiyoyin masana biyu a Amurka, ta Enzo Paoletti da ta Bernard Moss, suka nuna cewa ana iya ɗauko ɗan guntun umarnin gado na wata cuta dabam a saka shi a cikin bakshiniya, ta zama kamar jakin da aka ɗora wa kaya. Tana shiga jiki sai ta ƙera ɗan ɓangaren waccan cuta, garkuwa ta koye shi, ba tare da cutar ta taɓa shiga ba. Da wannan aka yi rigakafin haukan kare da ake cusawa cikin abinci a watsa a daji, dabbobin dawa irin su yanyawa su ci, aka rage cutar sosai a Beljiyam da Faransa da wasu sassan Amurka. Aganar kanari ta fi dacewa da wannan aiki ta wata fuska, domin ita tun asali ba ta iya hayayyafa a jikin mai shayarwa, kuma da ita ake yin wasu alluran dawaki da karnuka da kyanwoyi. Aganar kaji ma, wannan da nake fama da ita duk damina, an ɗora mata umarnin murar tsuntsaye an yi amfani da ita a gonakin kaji na Meziko. A ɓangaren mutane, ɗaya daga cikin allurai biyu na cutar Ebola da Tarayyar Turai ta amince da su a 2020 a kan MVA aka gina ta.

Ba kowane yunƙuri ne ya yi nasara ba. A Tailan an gwada rigakafin ƙanjamau da aka gina a kan aganar kanari a jikin mutane fiye da 16,000, sakamakon da ya fito a 2009 ya nuna kariya ta kusan kashi 31 cikin 100 kawai, kuma da aka gwada wanda aka gyara a Afirka ta Kudu sai aka dakatar da shi a 2020 don bai yi aiki ba. Haka nan wani rigakafin tarin fuka da aka ɗora wa MVA bai kare jarirai ba a gwajin da aka bayyana a 2013. Jakin yana kai kaya, amma sai an san irin kayan da ya kamata a ɗora masa.

Tsoron da ke bayan tambayar Baba ma yana da tushe, kuma ba na son a raina shi. Hannun da ya iya raunana ƙwaya zai iya ƙarfafa ta, ko da gangan ko da kuskure. A 2001 wasu masana a Ostareliya da ke neman hanyar hana ɓeraye haihuwa sun sauya aganar ɓera, sai ta fito ta fi kisa fiye da yadda suka yi zato. A 2018 wasu a Kanada suka ba da rahoton sun sake gina aganar dawaki a ɗakin gwaji da nufin samar da sabon rigakafi, abin da ya tayar da muhawara mai zafi a kan ko ya dace a wallafa irin wannan aiki. Mutum na ƙarshe da agana ta kashe ma, wata ma'aikaciya ce a jami'ar Birmingham a 1978, daga ɗakin gwaji ta kamu, kuma har yau ana ajiye da ƙwayar a wurare biyu da aka amince da su, Atlanta a Amurka da Koltsovo a Rasha. A ganina, abin da ya kamata mu tambaya game da kowace allura shi ne ta wace fuska aka sauya ƙwayar, wa ya sa ido a kan aikin, mutum nawa aka gwada a kansu, kuma me aka gani bayan shekaru. MVA tana da amsar waɗannan tambayoyi ta kusan shekara 50, shi ya sa zan miƙa hannuna a yi mini ita ba tare da ɗar ba, alhali wasu gwaje-gwajen da ake yi da sunan bincike ina tare da masu cewa a taka musu birki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne inda muka tsaya mu. Lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake ayyana ƙyandar biri a matsayin lamarin gaggawa ranar 14 ga Agusta 2024, allurai 10,000 da suka iso Najeriya a ƙarshen watan kyauta ce daga Amurka, wato abin da zai ishi mutum 5,000, ga ƙasar da ke fama da cutar tun 2017. Ɗakin Yaba ya daina aiki tun 1991. Amma ilimin bai bar ƙasar ba, domin cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato, wadda ke can tun 1924, har yanzu tana haɗa alluran dabbobi masu yawa, ciki har da na aganar kaji. Renon ƙwaya a ƙwai da ƙwayoyin jikin ɗan tsako, busar da ita, da gwada ƙarfinta, sana'a ce da 'yan ƙasar nan suka iya. Na san tsaftar da ake buƙata wajen maganin mutane ta fi tsanani kuma ta fi cin kuɗi, amma tazarar ba ta kai yadda ake nuna mana ba, kuma zan so in ga likitocin mutane da na dabbobi a ƙasar nan sun zauna a kan tebur ɗaya game da wannan dangi na cututtuka, tun da daga dabba suke tsallakowa, daga dabba kuma maganinsu ya fito.

Rana ta takwas na koma gidan don duba fukafukai. Na kama kaji ɗaya bayan ɗaya ina buɗewa, ɗan Baba yana riƙe mini, kusan duka sun yi ɗan kumburin nan da ɓawo, sai biyu kawai da na ware zan sake yi musu. Baba ya karɓi ɗaya ya duba da kansa, ya shafa wurin da babban yatsa, na kuma yi masa bayanin Mayr da kwanukansa gwargwadon iko. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce shi abin da ya fi damunsa yanzu shi ne cutar nan da ke fito wa shanu da ƙulle-ƙulle a fata, wadda ke karya musu farashi tun kafin su sauka daga mota. Na gaya masa ita ma 'yar dangin ce, ta reshen aganar tumaki da awaki, kuma tana da rigakafi da aka raunana ta irin wannan hanya a Afirka ta Kudu, sai dai a can inda ake kiwon ya kamata a yi wa shanun tun kafin damina, ba a nan bakin mayanka ba. Ya ce in rubuta masa sunan maganin a takarda, zai aika wa ƙaninsa da ke tare da garken.